Ɗakin da Ruwa Ba Ya Shiga

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya shimfiɗa ƙasa da faɗi har bawa yakan yi nisa a cikinta ya manta kalar ƙofar gidansu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu. Sunana Haladu, mutumin Haɗeja ne ni, kuma wannan labari ba nawa ba ne ni kaɗai. Rabinsa na Bukar ne.

A Agadas na fara ganinsa, a wani gida mai doguwar katanga inda ake tara matafiya kafin mota ta cika. Ina zaune ina rubuta sunana da ajami a jikin jarkar ruwana, sai na ji wani a bayana yana cewa ruwan garin nan ko kifi aka saka a ciki sai ya roƙi a mai da shi gida. Harshen na ji, Hausar gabas wadda Barbarci ya ɗan taɓa. Na juya na ce, "Bawan Allah, daga ina?"

Ya ce daga wani ƙauye kusa da Birniwa, amma ya daɗe yana sana'ar tsire a bakin tasha a Haɗeja. Na ce to ai na sha cin tsirensa, hayaƙi ne ya hana ni sanin fuskarsa.

Ya ce, "In mai daɗi ka ci, nawa ne. In ya ɓata maka ciki, na maƙwabcina ne. Alaramma, rubuta mini nawa sunan ni ma, kada ɓarayi su sha mini ruwa."

Tun daga ranar bai sake kirana da sunana ba sai Alaramma, ni kuma ina ce masa Yaya Bukar, don ya girme ni sosai. Dogo ne, baƙi, da cikakken gemu wanda furfura ta fara ratsawa. Abin da ya fito da mu kusan ɗaya ne. Ni gonar shinkafarmu ce ambaliya ta ci damina biyu a jere, inda ruwa bai ci ba kuma kacala ta ci, doguwar ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa ta zama gidan tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Shi kuwa masu cin tsirensa manoma ne da masunta, da suka rasa shi ma ya rasa.

Jarkokin da mai gidan ya sayar mana ya rantse sababbi ne. Sai da muka shiga sahara muka gane fetur aka taɓa zubawa a ciki. Haka muka yi ta shan ruwa mai warin mai, muna gyatsarsa, har muka isa Libiya. A Sabha aka kulle mu a wani gida, aka yi mana abin da aka yi. A nan aka karya mini ƙafar hagu da gindin bindiga, ta warke a karkace. Da aka sake mu, Bukar ne ya goya ni kamar jariri har bakin titi, yana tafe yana mita wai Alarammomin zamani sun cika nauyi, ba sa azumin nafila. Tekun kuwa ba zan ba da labarinsa ba. Mun shiga, Allah Ya fitar da mu, ba duka muka fita ba.

A Italiya aka ajiye mu a wani sansani a kudu, aka ce kowa zai zauna gaban hukuma ya faɗi dalilin zuwansa, daga nan a ba shi takardar zama ko a hana shi. Akwai wani ɗan ƙasarmu mai yawo da kwat da jaka, yana cewa shi ya san abin da Turawa ke son ji. Ya karɓe agogon Bukar, ya koya masa labari: wai an ƙone ƙauyensu, an kashe masa mata da 'ya'ya. Bukar ya haddace tsaf, har ina yi masa tishi kamar karatun allo, Allah Ya yafe mana. Ranar da ya shiga, matar da ke tambaya ta ce ya faɗi sunayen yaran da aka kashe. Ya ce wa tafinta, "Gaya mata suna nan da ransu. Ba zan kashe 'ya'yana da bakina ba. Ruwa ne ya ci gonakin mutane, ciniki ya mutu, na fito."

Aka hana shi. Aka ba shi wata 'yar takarda ta wucin gadi kafin a gama ɗaukaka ƙara. Ni kuwa likita ya duba ƙafata ya yi rubutu, aka ba ni izinin zama da aiki. Bukar ya ce, "Ka ga abin duniya. Da na sani da na miƙa musu tawa ƙafar a Sabha."

Mun yi tsinkar tumatir a gonakin kudu har ƙafata ta ce ba za ta iya ba, sai muka hau jirgin ƙasa zuwa arewa, wani birni da ake kira Torino. Da sanyi muka shige shi. Muna kwana a wani tsohon gini da mutanen ƙasashe da yawa, muna sallar Juma'a a garejin da aka mayar masallaci. Akwai kogi da ya ratsa birnin, an ɗaure shi da dutse hagu da dama. Nakan je in tsaya a bakinsa in yi ta kallo. Babu kwalekwalen masunci, babu mata masu wanki, babu saniya ko ɗaya da ta sauko shan ruwa. Sai in tuna namu kogin idan ya cika ya bazu cikin fadama, da warin kifin banda a kasuwa, da kankanar rani jibge a bakin hanya.

Wani mahauci ɗan Maroko da muke sallah tare shi ya yi mini hanyar aiki. Ya ce akwai tsohuwa a layinsu mai shagon askirim, mijinta ya rasu, tana neman mai wanke-wanke. Sunanta Sinyora Elda. Gajeriya ce, farin gashi, hannuwanta kamar na mai dakan sakwara. Ta kalle ni, ta kalli ƙafata. Washegari na tarar ta ajiye doguwar kujera a gaban wurin wankin don in riƙa zama.

A gida abin da muka sani shi ne ƙanƙara mai kala a ƙulle a leda. Wannan wani abu ne daban, kuma tun kakan mijinta suke yin sa a wannan shago. Da sassafe za ta dafa madara da sukari da kirim a babbar tukunya, ta bar shi ya huce ya kwana. Washegari a zuba a injin da ke juya shi cikin sanyi har ya yi kauri kamar fura mai kyau. Daga nan a ɗura a mazubai na ƙarfe masu siffar tafin takalmin yaro, a soka wa kowanne ɗan tsinken katako mai faɗi, a kai firiza ya daskare kamar dutse. Aikina shi ne in tsoma gindin mazubin a ruwan ɗumi, in ja tsinken a hankali askirim ɗin ya zame ya fito fari tas, in jera a faranti in mayar firiza ya sake ƙanƙarewa, sannan in wanke mazubai. Yini nake hannuna cikin ruwa.

Bayan wannan ɗaki akwai wani ƙarami, tsakaninsu da ƙofa da 'yar taga. A can tukunyar cakulan take, narkakke, an haɗa shi da mansa, yana zaune da ɗumi kamar ɗumin jikin mutum. A can ake tsoma askirim ɗin ya fito sanye da baƙar riga mai ƙyalli, wadda in ka gatsa za ka ji ta ce ƙas. Ranar farko Sinyora ta kama hannun rigata ta kai ni bakin ƙofar, ta nuna tukunyar, ta nuna hannuna da ke ɗiga, ta yi alamar yanka a wuyanta.

"Aladu," ta ce, don bakinta ba ya iya kama farkon sunana, "ruwa da cakulan maƙiya ne. Kai mutumin ruwa ne. Ta taga za ka riƙa miƙowa. Nan ɗakin, a'a."

Da zafi ya fara shigowa ciniki ya buɗe, hannunta kuma ya fara rawa saboda ciwon gaɓɓai. Na ce mata ina da ɗan'uwa. Na gaya mata gaskiyar halin da yake ciki: lauyar da ke taimakon baƙi ta ce ƙararsa ba za ta yi nasara ba, hanya ɗaya ta rage masa, wato wani mai sana'a ya sa hannu ya ce ya ɗauke shi aiki na dindindin kafin 'yar takardarsa ta ƙare a ƙarshen zafi. In ba haka ba ya zama wanda kowane ɗan sanda zai iya kamawa. Ta gama goge tebur. Ta ce, "Kawo shi in ga hannunsa. In ya yi mini lokacin zafin nan lafiya, zan sa masa hannu."

Bukar ya tsaya ya kalli yadda take yi sau biyu, sannan ya ɗauki tsinke. Ya kifa askirim ɗin kai ƙasa, ya nutsa shi tsaye har cakulan ya taɓa katakon, ya ɗago, ya bar ragowar ta tsiyaye, ya murza tsinken tsakanin yatsu biyu don ɗigon ƙarshe ya kwanta. Kafin ƙyallin ya dushe ya barbaɗa masa dakakkiyar gyaɗarsu ta bishiya, kamar yadda yake barbaɗa ƙuli. Tsohuwa ta karɓa ta ɗaga sama ta duba ta ko'ina. Babu rami, babu kumfa.

Ta ce in tambaye shi a ina ya koya.

Ya ce, "Gaya wa Mama a gida nama nake soka wa tsinke in kai wuta. A nan madara ake soka wa tsinke a kai ƙanƙara. Duniya ce dai aka juya."

Da na fassara mata iya iyawata ta yi dariya har da riƙe ƙugu. Ni kuma na isar masa da dokar ɗakin kamar yadda aka ba ni. Na ce, "Yaya Bukar, ba a shiga da ruwa nan." Ya ce ya ji. Ko gorar ruwan shansa a waje yake barinta.

Waɗannan watanni su ne mafi sauƙin da muka gani tun barinmu gida. Aikin akwai wuya a ɓoye. In askirim bai daskare sosai ba sai ya zame daga tsinke ya faɗa tukunya. In cakulan ya yi zafi rigar ta yi siriri har a ga fari ta ciki, in ya huce ta yi kauri ta tsage. Bukar ya san duk wannan da ido kawai, yana aiki yana salati ƙasa-ƙasa. Ta taga muke hira. Yakan ce, "Alaramma, miƙo mini fararen nan in yi musu rawani." Sinyora ta ba mu lungu a ɗakin ajiya, tsakanin buhunan sukari, muna shimfiɗa kwali mu yi sallah. Wanda ya fashe ko ya karkace ta ce namu ne. Ran da Bukar ya fara ɗanɗanawa ya rufe ido ya daɗe, sannan ya ce, "Wannan in aka kai shi kasuwar Kafin Hausa ranar zafi, sai an kira 'yan sanda."

Yawanci da safe ake tsomawa, kafin azahar an gama an naɗe a takarda. Amma da zafi ya kai tsakiya wani babban otal ya fara saye a wajenta, aiki ya riƙa kaiwa yamma. A irin wannan rana ce, bayan mun idar da azahar da ɗan lokaci, na ji Bukar ya kira ni da wata murya.

Na leƙa ta taga. Cakulan da ke zuba kamar mai ya yi nauyi, ƙyallinsa ya mutu, ya fara gudaji kamar tuwon da aka tuƙa da gaggawa. Bukar yana juyawa yana ƙara cijewa. Sinyora ta shigo ta duba murfi, ta duba rufin ɗaki, ta shafa bango. Ta ce wataƙila tururi ne, ko kamfanin da take sayen cakulan ya kawo mata maras kyau. Ta kwashe tukunyar gaba ɗaya ta ajiye gefe. Cakulan irin wannan yana da tsada ƙwarai, kuma wanda ya cije ba ya sake yin riga.

Bayan mako biyu otal ɗin ya ce yana da babban biki, yana son kaya masu yawa da yamma. Tun duku-duku muke tsaye. Mun yi azahar a gurguje muka koma. Faranti suka taru a taga har babu wurin ajiyewa, Bukar yana kira in yi sauri, sai na ɗauki biyu na tura ƙofar da kafaɗa na shiga na dire masa a tebur na fito. Ban taɓa komai ba, ban matsa kusa da tukunya ba. Amma Sinyora ta gan ni ina fitowa, rigar aikina jiƙe sharkaf. Ba a daɗe ba tukunyar ta cije.

Babu wani cakulan a shago, kuma lokacin hutunsu ne, kamfanin a rufe. Rabin kayan biki suka tsaya farare a firiza. Na ji ta a waya tana ba mutumin otal haƙuri, muryarta tana ƙanƙancewa, har ya kashe. Ta zo ta tsaya a gabana. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi.

"Abu ɗaya na gaya maka, Aladu. Ɗaya." Ta ce otal ya tafi, yanzu mutum ɗaya kawai za ta iya riƙewa har sanyi ya wuce, kuma wanda ya ɓata shi zai tafi. Ta miƙo hannu na cire rigar aikin na ba ta.

Ni kaina na ɗauka ni ne. Muka fito da Bukar muka gangara bakin kogi. A raina ina cewa to alhamdulillahi, ni ina da takarda, zan sami wani wankin, shi kuwa ga sa hannunsa ya kusa. La'asar ta yi. A birnin akwai famfuna kore a kan tituna masu zubar da ruwa dare da rana, muka tsaya a ɗaya. Na yi alwala na goge fuska da hannuwa da gefen rigata kamar yadda na saba. Bukar ya yi tasa, ya tsefe gemunsa da ruwa sosai, ya miƙe ya saki hannuwansa. Shi ba ya taɓa goge ruwan alwala. Tun a Agadas na san shi da haka. Mahaifinsa ya gaya masa kowane ɗigo da ya faɗi yana tafiya da zunubi, wanda ya rage a jiki kuma haske ne, ba a share haske da tsumma.

Dutsen da muke tsaye a kai ya sha rana ya bushe fari. Na ga Bukar ya sunkuyar da kai yana kallonsa. Ruwa yana gangarowa daga gwiwar hannunsa, ya bi damtse ya taru a wuyan hannu ya ɗiga. Wani yana ɗigowa daga gemu. Ɗigo bayan ɗigo, dutsen yana yin baƙi-baƙi a gabansa.

Ya ce, "Alaramma. Tafin hannuna kawai nake gogewa don safar hannu ta roba ta shiga."

Ya sake duban dutsen.

"Sau biyun nan duk bayan azahar ne. Kuma kaina a kan tukunya yake." Ya zauna a gefen famfon. "Ka ce kada in shiga da ruwa. Wallahi ban taɓa lissafa wannan a ruwa ba." Ya yi wata dariya maras daɗi. "Ashe zunubaina nake zuba wa matar nan a cakulan. Dole ya cije."

Na durƙusa gabansa. Na ce, "Yaya Bukar, saurara. Goge alwala ba laifi ba ne, malamanmu sun halatta. Daga gobe ka goge, tukunya ba za ta sake ɓaci ba, magana ta mutu. Ni an riga an kore ni, na kuma yafe. Takardata tana aljihuna. Kai saura kaɗan."

"Ta tafi tana ganin kai ne."

"Ta gani mana! Ni na ce na ɗauka. Kai ka goya ni a Sabha, ni ba zan goya maka wannan ba?"

"A Sabha ƙafarka ce ta karye. Wannan sunanka ne."

Na yi masa magiya, na kawo masa hujjoji na malamai da na jahilai. Na ce ya tuna yaransa. Na ce ba ƙarya zai yi ba, shiru kawai zai yi. Ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce, "Kullum zan yi alwala a shagon nan in ɗauki tsumma in goge, in san dalilin da ya sa nake gogewa, ita ba ta sani ba. Sannan in shiga lungun sukari in ce Allahu akbar. Kai Alaramma ne, gaya mini yadda ake wannan sallar." Ya miƙe. "Tashi ka ja mu, lokaci yana wucewa."

Da safe ya tafi shagon, na bi shi ina ɗingishi ina roƙo har bakin ƙofa. Bai nemi in yi masa tafinta ba. Ya kama hannun Sinyora ya kai ta wurin wanki, ya naɗe hannun riga, ya yi alwala a gabanta daga farko har ƙarshe. Sannan ya ɗauko faranti busasshe ya sunkuya a kansa kamar yana tsoma askirim. Muka tsaya mu uku muna jin ɗigon yana sauka a ƙarfe.

Ta daɗe tana kallon farantin. Ta juya ta fizgo tawul daga ƙusa ta ɗaga shi sama, idonta ya kawo ruwa.

"Tawul!" ta ce. "Tawul kawai! Otal ɗina, sunan mijina, saboda tawul!"

Na ce mata bai sani ba. Na ce ta riƙe shi ni in tafi, hannunsa ya fi nawa sau goma. Ta girgiza kai. Ta ce abin da ta faɗa jiya shi za ta faɗa yau, wanda ya ɓata shi zai tafi, ba za ta tsaya gaban hukuma ta sa hannu a kan mutumin da ya rufe mata ƙofar abinci ba. Na ce to ni ma ba zan dawo ba. Ta ce ko na dawo ko ban dawo ba, ba za ta sa ba. Bukar ya ɗauki rigar aikina daga kan tebur ya rataya mini a wuya da kansa, ya ɗaure mini igiyar ta baya.

Ya ce, "Kada mu yi asara biyu, Alaramma."

Takardarsa ta ƙare a ƙarshen zafi. Ya ce zai koma kudu tsinkar lemo, a can ba a tambayar kowa takarda. Na raka shi tasha. Da farko muna waya duk Juma'a, yana tambayata wa ke yi wa fararen rawani yanzu, in ce ni ne, ya ce Allah Ya jiƙan sana'a. Daga baya ya fara tari a waya. Sai wata Juma'a ya ce wasu samari za su bi ta duwatsu su tsallaka Faransa da ƙafa, yana tunanin binsu. Na ce ya bari ƙanƙara ta narke. Ya ce zai duba. Juma'ar da ta biyo wayar a kashe take.

Da zafi ya sake zagayowa Sinyora ta tsaya bayana wata safiya ina tsomawa. Can ta ce, "Kira ɗan'uwanka. Ka ce ya zo, zan sa hannun." Na ce mata tun tsakiyar sanyi nake kira. Na je kudu na bi gonakin lemo, na tambayi masallatai, lauyar nan ta bincika wuraren da ake tsare baƙi. Wani ya ce ya gan shi a tashar wani gari kusa da iyaka da takalmin roba a ƙafarsa. Iyakar abin da na samu ke nan.

Sai da na yi shekaru kafin takardata ta ba ni damar zuwa gida. Bayan na gaisa da namu na hau mota zuwa Birniwa, daga nan ɗan acaɓa ya kai ni ƙauyensu. Matarsa ta koma gidan iyayenta da yaran. Mahaifiyarsa na tarar, tsohuwa ƙwarai, idonta ya tafi, tana zaune a tabarma a inuwar ɗaki. Aka ce mata ga abokin tafiyar Bukar. Ta laluba ta kama hannuna da hannu biyu ba ta saki ba.

Na gaya mata abin da na sani da abin da ban sani ba. Ta tambaye ni wane aiki yake yi a can, na yi ƙoƙarin kwatanta mata madara mai sanyi a jikin tsinke da baƙar riga mai zaƙi. Ta ce, "Yara ke ci?" Na ce yara da manya. Ta gyaɗa kai. Na yi niyyar in ba ta labarin tukunyar, na rasa ta inda zan fara.

Can ta ce, "Ɗana, abu ɗaya zan tambaye ka, ka gaya mini tsakaninka da Allah. A ƙasar nan tasu, yana sallarsa a kan lokaci?"

Na ce, "Yana yi, Iya. Ban taɓa ganin ya bari ta wuce ba."

Ta saki hannuna. Ta ce, "To, Wanda yake yi dominSa Ya san inda yake." Ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta ce a kawo wa baƙo ruwa.